Haƙƙin Alƙalami a Kan Mai Rubutu

In mutum ya ga rubutu mai kyau, abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kai, wane yana da hannu!" Hannu ke shan yabo. Wani lokaci a yabi tawada, a ce ta yi baƙi wuluk, ko a yabi takarda. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi lafiyar alƙalamin da ya yi aikin. To, a wannan fili da Edita ya ba ni, alƙalamin nan da aka manta da shi nake so in tsaya wa, domin shekara ta uku ke nan ina hulɗa da shi a ɗakin zane na makarantarmu. Na ga abin da yake yi wa wanda ya kula da shi, na kuma ga yadda yake ramawa in an wulakanta shi.

Bari in fara fayyace irin alƙalamin da nake nufi, kada wani ya laluba aljihu ya ce ai ga nasa. Ba biro nake nufi ba, ba kuma mai cikin nan da ake ɗura wa tawada ba. Ina nufin wanda muke kira alƙalamin ƙarfe, watau wanda ake tsoma bakinsa cikin tawada, a rubuta kalma uku ko huɗu, a sake tsomawa. Kashi biyu gare shi. Akwai ƙota, wadda ake riƙewa, yawanci ta itace ko ta roba. Akwai kuma baki, wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar farce, wanda ake cusawa a kan ƙotar, a cire in an gama. Wani bakin mai tsini ne kamar allura, in ka danna shi sai ya buɗe ya ba da layi mai kauri, in ka sassauta ya koma siriri kamar gashi. Wani kuma mai faɗi ne, shi ne na manyan baƙaƙe. Da irin waɗannan ne 'yan ƙungiyarmu ta rubutun ƙawa ke rubuta sunaye a takardun shaida na ranar ba da kyaututtuka, da jerin sunayen shugabannin ɗalibai da ake kafewa a ɗakin taro.

Duk wanda ya ɗaga bakin nan ya duba shi a hasken taga zai ga wani tsagi siriri ya raba tsininsa biyu, ya tafi ya tsaya a wata 'yar huda. Wannan tsagi shi ne ran alƙalamin. Tawadar da ta maƙale a cikin bakin, tsagin take bi ta sauka kan takarda, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Saboda haka maƙiyansa uku ne. Akwai maiƙo, mai hana tawada kama ƙarfen. Akwai busasshiyar tawada, mai toshe tsagin. Sannan akwai tsatsa, mai cinye tsinin. Duk bayanin da zan yi nan gaba, yaƙi ne da waɗannan uku.

Bakin ƙarfen nan baƙo ne a wurinmu, daga Ingila aka yo mana shi. Kafin a sami shi, Turawa da gashin fiffiken dinya suke rubutu, su fiƙe shi da 'yar wuƙa. Tsakanin 1820 da 1830 ne wasu masu sana'ar ƙarfe na birnin Birmingham, irin su John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka gano hanyar buga baki da inji dubu-dubu. Kafin 1860, fiye da rabin bakunan ƙarfe na duniya a garin ake yin su, kuma mata ne suka fi yawa cikin ma'aikatan. Aikin ba ƙarami ba ne. A yanko siffar bakin daga fallen ƙarfe, a huda shi, a gasa ya yi laushi, a buga masa sunan kamfani, a lanƙwasa. Sai a mai da shi wuta a tsoma cikin mai ya yi tauri, a kuma ɗumama shi daidai gwargwado, yadda zai riƙa lanƙwasuwa yana komawa ba tare da ya karye ba. Daga nan a wasa tsininsa, a tsage, a shafe shi da abin da zai hana tsatsa, a zuba dozin goma sha biyu, watau 144, cikin kwali guda. Arharsa ta sa ɗan makaranta ma yakan jefar da wanda ya dakushe ya ɗauki sabo.

Biro ne ya karya wannan kasuwa. Laszlo Biro, wani ɗan jarida mutumin Hangari, ya yi rajistar alƙalaminsa a 1938, kamfanin Bic kuma ya fito da nasa mai arha a 1950. Masana'antun Birmingham suka yi ta rufewa, har ta kai a 2001 aka buɗe gidan tarihi na alƙalami a garin, don a nuna wa na baya abin da aka yi. Har yanzu ana buga bakuna masu sunan Gillott da Mitchell a Ingila, da Brause a Jamus, da Nikko da Zebra a Japan, inda masu zanen littattafan barkwanci ke aiki da su. Sai dai a nan wajenmu, ka zagaye shagunan kayan rubutu na gari kaf ba ka sami ko ɗaya ba. Sai an yi sautu, a jira wata da watanni.

Wannan ne ya sa wani tsohon gwangwanin alewa da ke cikin kabad ɗin ɗakin zanenmu ya zama dukiya. A cikinsa bakunan makaranta suke. Malaminmu na zane ya ce lokacin da ya kama aiki a nan, cike ya tarar da shi. Ranar da na shiga ƙungiya ina aji huɗu, 34 suka rage. A ƙarshen wannan shekara aka yi ta rubuta takardun shaida har dare. Waɗanda aka bar wa kintsa ɗakin suna ɗokin tafiya gida, sai suka tattara alƙaluma 12 suka dulmiya kawunansu cikin kofin ruwa, wai su jiƙa, suka kulle ɗaki suka kama hanya. Hutun kuwa tsakiyar damina ya faɗo. Da muka dawo a watan Satumba, ruwan ya ƙafe ya bar jan laka a gindin kofi. Bakunan sun yi jajir, sun manne da ƙotocinsu, wasu sai da filaya aka zare su, ƙota huɗu kuma sun tsage. Ko baki ɗaya bai tsira ba. Malam bai ɗaga murya ba. Jera su ya yi a kan farar takarda, ya bar su bisa tebur mako guda, duk wanda ya shigo ya gani. Ba zan ambaci suna ba, a bar kaza cikin gashinta, tun da sun gama sun tafi, kuma rashin sani ne ya sa su, ba mugunta ba. Amma aikin minti biyar da aka ƙi yi ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da makaranta ta mallaka.

Da na je hutu na gaba na ba kakana labari. Shi ma mai rubutu ne, ya daɗe yana rubuta Alƙur'ani da hannu, da alƙalamin kara. Sai ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Kai abokina, ku dai 'yan boko kun iya sayen wahala. Ni nawa alƙalamin a bayan gari yake tsirowa. In ya dakushe in fiƙe, in ya ƙare in yanko wani. Naku kuwa in ya mutu, wa zai haifa muku wani?"

Na ce, "Kaka, ai kai ma na ga kana lallashin naka kamar amarya."

Gaskiya na faɗa. Duk da cewa gamba ba saye yake yi ba, ban taɓa ganin ya tashi daga buzu ya bar alƙalami da tawada a baki ba. Yana da ɗan ƙyalle a gefen kurtunsa, da ya ɗaga hannu sai ya goge. Alƙalamin baƙi daban, na ja mai sa wasali daban, na rawaya mai ɗiga hamza daban, ba ya yarda ɗaya ya shiga kurtun ɗan'uwansa. In ya gama ya toshe kurtu, ya zura alƙaluman cikin wata 'yar gora, ya rataye inda yara ba sa kaiwa. Maganarsa ce ta sa na gane bambancin da ke tsakanin kayan aikinmu. Shi yana da aska, kullum yana iya mai da tsohon alƙalami sabo. Mu ba mu da askar da za ta fiƙe ƙarfe. Abin da kawai ke hannunmu shi ne tsabta. In wanda ke samun nasa kyauta yana wannan tattali, ina ga mu da ke jiran sautu?

To, daga ina tattalin ke farawa? Daga ranar da aka fito da sabon baki. Na ce a masana'anta ana shafe shi don kada ya yi tsatsa a hanya. Wannan shafi kuwa ƙin ruwa yake yi. In ka tsoma sabon baki yadda ya zo, za ka ga tawada ta dunƙule a kansa kamar raɓa a ganyen gwaza. Ko ya ƙi rubutu, ko ya saki ɗigo guda ya ɓata takarda. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci su ce bakin jabu ne, alhali wanka kawai yake so. Hanyar da muka fi bi ita ce a ɗiga man goge baki ko sabulun wanke-wanke a kan tsohon buroshi, a goge ciki da bai na kamar rabin minti, a ɗauraye, a tsane. Ana kuma iya goge shi da ƙyallen da aka jiƙa da sifirit irin na ɗakin shan magani. Wasu sukan soka shi cikin ɗanyen dankalin Turawa su bar shi kamar minti goma sha biyar, ruwan dankalin ya cinye maiƙon, amma a hankali ake sokawa don kada tsinin ya tanƙware. Wasu da yawu suke gogewa, yana kuwa aiki, sai dai bai dace da ɗakin da mutum ashirin ke karɓa-karɓa da baki ɗaya ba. Akwai masu gilma shi ta cikin harshen ashana. Malaminmu ya hana wannan, dalilinsa kuwa kowane maƙeri ya san shi: wuta ce ta ba ƙarfen ƙarfinsa, in ta yi yawa ita za ta karɓe abinta, ya koma lagwas, in ya buɗe ba ya rufewa.

Alamar wankan ya yi ita ce ka tsoma ka ga tawada ta shimfiɗu sumul a jikin ƙarfen. Daga wannan lokaci kada yatsa ya sake taɓa tsinin, don fatar mutum ma tana da maiƙo, balle da hunturu da kowa ke shafe da basilin. Da ƙyalle ake kama shi ta tsakiya a cusa cikin ƙota. Kada a dogara tsininsa da tebur a danna, wannan kisa ne tun kafin a fara aiki.

In an fara rubutu, abu biyu ba sa barin gefen hannun dama: kofin ruwa mai tsabta da ƙyalle. Iyakar tsomawa ita ce tawada ta rufe 'yar hudar nan. In ta wuce ta kai ga ƙota, sai ta kwanta a ciki inda ido ba ya gani, ta yi ta cin ƙarfe a ɓoye, ta kuma ɓata yatsu. Mu mukan zuba tawadar da za mu yi aiki da ita cikin ɗan murfin kwalba, don kada a zurma alƙalami cikin doguwar kwalba tsininsa ya bugi ƙasa. Bayan kowane layi uku ko huɗu, a kaɗa tsinin cikin ruwa a goge. Da hunturu sai an ninka haka, domin iskar tana busar da tawada a kan baki kafin mutum ya gama tunanin kalma ta gaba. Ƙyallen da ya fi shi ne tsohuwar singileti da ta sha wanki. Auduga da takardar goge hannu suna barin zare a cikin tsagi, zare guda kuwa ya isa ya mai da siririn layi ya zama kamar sawun katantanwa. Takarda mai gashi-gashi ma tana yin haka. Da ka ga layi ya yi kauri ba dalili, dakata ka duba tsinin.

Akwai kuma ladabin hannu. Baki mai tsini a kan danna shi ne in ana jan layi zuwa ƙasa. In ana hawa sama, sai a bar shi ya bi takarda da nauyin kansa. Wanda ya danna yana hawa, tsinin zai caki takarda ya watsa tawada, wani lokaci leɓɓan biyu su hau juna. In za ka huta, kwantar da alƙalamin a kan fensir yadda bakinsa zai tsaya a iska, kada ka bar shi a gefen tebur ya gangara. Faɗuwa ɗaya a kan siminti ta ishe shi.

Ya kamata mai rubutu ya san halin tawadarsa, don kowace da irin ɓarnarta. Baƙar nan ta kwalba da ake kira tawadar Indiya, yawancinta an haɗa ta da wani danƙo da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Shi ke sa ta ƙyalli, shi ke sa ruwa ba ya wanke ta in ta bushe. In ta bushe a takarda alheri ne, in ta bushe a tsagi kuwa sai sifirit da haƙuri. Akwai tawadar da malamai ke dafawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda Turawa ma suka yi ɗaruruwan shekaru suna yin irinta da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen ƙasarsu. Tana kama takarda ƙwarai, amma tana da tsami, tsami kuwa yana gaggauta tsatsa. Alƙalamin kakana bai damu da ita ba, amma bakin ƙarfe in ya kwana da ita, da safe za ka ga ya dushe. Tawadar zuge da ƙaro ita ce mai sauƙin hali, ruwa kawai ke wanke ta, sai dai a tace ta da kyau, don ɗan tsakin gawayin da kara ke wucewa da shi yana iya toshe tsagin ƙarfe. Mun kuma ɗauki darasin kaka, bakin da ya sha baƙi ba ya shiga ja.

Yanzu ga wurin da aka fi faɗuwa, watau bayan an ɗiga aya ta ƙarshe. Mutum ya gaji, wuyansa ya ƙage, an buga ƙararrawar abinci, zuciya tana cewa bari sai an dawo. Tun ran gini ran zane. Tawadar da ruwa zai ɗauke yanzu cikin daƙiƙa goma, gobe sai an yi kokawa da ita. Da farko a zare bakin daga ƙota. In mai faɗi ne wanda ake maƙala wa ɗan harshen tagulla don ya riƙe tawada, shi ma a zare shi, don ƙarƙashinsa ne datti ke ɓuya. A wanke da ruwa da ɗigon sabulu, a bi da buroshi daga gindi zuwa tsini, a ɗauraye. Sannan a tsane shi sarai da busasshen ƙyalle, a shimfiɗa shi ya sha iska kafin a rufe. Malamin kimiyya ya koya mana cewa tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Iska ba mu da ikon hana ta, amma ruwa muna da shi. Don haka wanka da ruwa ba laifi, zama cikin ruwa ne laifi. In tawada ta riga ta ƙeƙashe, kada a ɗauko reza a zura cikin tsagi. Rezar za ta buɗe shi, ba kuwa zai koma ba. A jiƙa ƙyalle da sifirit a yi ta shafawa har ta narke.

Ita ma ƙota tana da nata haƙƙi. In ka leƙa bakinta za ka ga wasu 'yan haƙora huɗu na ƙarfe cikin zobe. Tsakanin haƙoran da zoben ake zura baki, ba tsakiyarsu ba. Waɗannan haƙora sun fi bakin saurin tsatsa, domin in ruwa ya shiga ba ya samun hanyar fita. Shi ya sa ba a tsoma ƙota cikin ruwa ko kusa. A goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi, in kuwa ruwa ya shiga bisa tsautsayi, a yarfe, a kifa ta a kan ƙyalle ta tsiyaye. Ta itace in ta sha ruwa kumbura take yi, in ta bushe ta tsage, abin da ya sami huɗun nan ke nan. Akwai wata mai karkataccen kai na tagulla, ta rubutu mai kwanciya, guda biyu kacal gare mu. Ita ba a lanƙwasa tagullarta da ƙarfi don a cusa bakin da ba nata ba. Ina kuma roƙon masu tauna gindin biro in lissafi ya yi tsauri, su bar wannan al'ada a aji, kada su shigo mana da ita ɗakin zane.

Wajen ajiya, doka ta fari ita ce baki da ƙota ba sa kwana tare. Ƙotoci a kwantar da su cikin aljihun tebur, ko a tsai da su cikin kofi busasshe. Bakuna kuwa mun rarraba su cikin kwalayen ashana, kowane kwali an rubuta lambar bakin a bayansa, an shimfiɗa 'yar takarda a ciki don kada su yi ta gogar juna, sannan duka a zuba cikin gwangwanin a rufe. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani, waɗanda aka rubuta kada a ci, aikinsu shan danshi ne. Mukan tara su mu jefa biyu ko uku cikin gwangwanin.

Kowane lokaci na shekara da abin da ake tsoro. Da damina danshi ne, ƙarfen da aka ajiye da ɗan laima kwana biyu ya ishe shi ya fara ja, tawadar ƙaro kuma takan yi fumfuna in an bar ta a buɗe. Da hunturu ƙura ce, tana shiga kwalba ta zama tsaki, itace kuma yana ƙanƙancewa. Da bazara kada a bar komai a bakin taga, rana tana tanƙwara ƙotar roba, tana ƙafar da tawada. In za a tafi dogon hutu, mukan ɗiga man keken ɗinki a ƙyalle mu shafe kowane baki sama-sama, in mun dawo mu yi masa wanka irin na sabo. Muna da ɗan littafi kuma, wanda ya ɗauki baki ya sa hannu, in ya mayar shugaban ƙungiya ya duba ya sa nasa.

Duk da wannan tattali, bakin ƙarfe ba ya dawwama. Takarda tana cin tsininsa a hankali. In ya fara ƙarzar takarda, ko siririn layinsa ya daina siranta, ɗaga shi ka duba a haske. In ka hangi haske ta tsakanin leɓɓansa alhali ba ka danna ba, ko ka ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to ya gama aikinsa. Tsatsar da ta tsaya a gadon bayansa ana iya goge ta, amma wadda ta kai tsini ba ta da magani. Wanda ya tsufa mukan ba sababbin shiga su koyi riƙo da shi. Wanda ya mutu sarai a naɗe shi cikin takarda kafin a jefa kwandon shara, saboda masu shara da masu yawo ba takalmi. Daga ranar da aka kafa waɗannan dokoki zuwa yau, cikin 22 da suka tsira, biyar sun ƙare, dukansu kuwa aiki ne ya cinye su. Tsatsa ba ta sake samun ko ɗaya ba.

Na san wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga kwamfuta tana buga suna cikin ƙiftawar ido, da kowane irin salo? Ba na musun haka. Amma na tsaya a bakin ɗakin taro ranar ba da kyaututtuka, na ga wani dattijo ya karɓi takardar 'yarsa, ya bi sunanta da ɗan yatsa, ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Wannan da hannu aka yi?" Da aka ce masa ɗalibai ne suka rubuta, sai ya sake dubawa, ya cire hularsa ya sa takardar a inuwarta don kada yayyafi ya taɓa ta. Wanda aka zauna aka rubuta sunansa baƙi bayan baƙi ya san an girmama shi.

Bayan haka akwai abin da ya fi rubutun. Muna da wata muguwar ɗabi'a ta cewa kayan makaranta kayan gwamnati ne, ba na uban kowa ba. Ita ce ta karya kujerun ajinmu, ita ce ta bar famfo yana zuba dare da rana, ita ce kuma ta dulmiya alƙaluman nan cikin kofi. Wanda ya saba tsayawa minti biyar ya wanke ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, alhali ba nasa ba ne, ba kuma wanda ke kallonsa, ina kyautata zaton in an damƙa masa ma'ajin asibiti ko injin ban ruwa gobe, ba zai bar su su lalace ba.

Ya ku ƙannena 'yan aji huɗu da aji biyar, mu kam mun kusa ajiye alƙalami, da mun gama jarrabawa sai gida. Za mu bar muku baki 17, da ƙota goma sha ɗaya, da buroshi, da littafin sa hannu. Ku ƙidaya su ranar da kuka karɓa. Ku roƙi tsofaffin ɗalibai da ke tafiye-tafiye su riƙa tunawa da gwangwanin nan in sun shiga shagon kayan zane. Ranar rufe makaranta kuma, kafin kowa ya ɗauki akwatinsa, mutum biyu su koma ɗakin zane, su zare kowane baki daga ƙotarsa, su tabbata ya bushe, su zubar da ruwan kofi su kife shi, sannan su kulle ƙofa.